Kacala Ta Shiga Littafi, Saura Ta Fita Daga Kogi

Yau zancenmu na mutanen bakin kogin Haɗeja ne, tun daga Miga da Auyo har Kiri Kasamma da Guri, kuma a kan ciyawar nan ne da ta hana su sakat, watau kacala, wadda waɗansu ke ce wa shalla. Wanda bai taɓa zuwa ƙasar ba sai ya ce, ciyawa kuma har ta isa a ɓata mata takarda? To, ya je ya gani. Ciyawa ce da ta ɗara mutum tsawo nesa, ta tsaya cikin ruwa a cunkushe, kwalekwale ba ya ratsa ta, taru ba ya shiga. Gonakin shinkafa da kakanni suka noma suna nan ƙarƙashinta. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, malaman jami'a sun daɗe suna bincike a kanta, sun kuwa gano abubuwa masu amfani, amma yawancin masu gonakin ba su taɓa jin labari ba. Ina ganin wannan kuskure ne, gyaransa kuma bai fi ƙarfinmu ba.

Bari mu soma da asali, don ruwa ba ya tsami banza. Kacala ba baƙuwa ba ce, da ma akwai ta jefi-jefi a bakin tafkuna. A da, kogin Haɗeja ya kan cika da damina ya malale fadamu, in rani ya yi ya janye har a haye shi da ƙafa. Wannan bushewa ita ke taka wa kacala birki. Sai aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka gama ta Challawa a 1992, aka kuma yi shingen ruwa kusa da Auyo domin noman rani. Daga nan ruwa ya koma ana sakinsa kaɗan kaɗan shekara duka. Babbar cikar da ke share hanya ta ragu, aka bar ruwa marar zurfi, mai tafiya a hankali, wanda ba ya ƙafewa. Abin da kacala ke so ke nan. Saiwarta na bin ƙarƙashin laka tana tofo, kanta kuma, mai kama da zangarniyar gero, na ɗauke da iri dubbai da iska ke watsawa. Inda ta tsaya sai ta tare laka, hanya ta ƙara cikewa, ita kuwa ta ƙara samun wurin zama.

Sakamakon wannan kowa ya san shi a ƙasar Haɗeja. Hanyoyin ruwa sun toshe, ruwa ya karkata ya bi Marma zuwa wajen Nguru ya kwanta a gonakin mutane, alhali na bakin Burum Gana da tsohon kogi suna kukan ƙaranci. In shekara ta zo da ruwa mai yawa, kamar 2020 da 2022, kogin da hanyarsa ta cike ina zai nufa in ba gari da gona ba? Jan baki na kwana cikin kacala, da safe ya faɗa wa shinkafa da gero. Sauro na haihuwa a ciki, haka katantanwar da ke ɗauke da ciwon tsargiya. Makiyayi ya rasa mashaya da makiyaya, sai ya matso gona, rigima ta tashi. Kun ga ashe lafiyar kogi da ta gona da ta mutum igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

To, me malamai suka gano? Na farko, a 1987 aka kafa shirin kula da fadamun Haɗeja da Nguru, malaman jami'o'in Landan da Kambirij irin su Hollis da Adams suka yi aiki tare da namu na gida, har suka fitar da littafi a 1993. Sun auna, sun ga faɗin ƙasar da ruwa ke malalewa ya haura murabba'in kilomita 2,000 kafin Tiga, amma a waɗansu shekaru bayan 1980, ga fari ga madatsa, bai kai 1,000 ba. Masu lissafin arziki kuma suka haɗa abin da fadama ke bayarwa na noma da kifi da itacen wuta, suka ga ruwan da aka bari ya malala fadama ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba a kan daidai shi da aka tare domin babban aikin ban ruwa na Kano. Shawararsu ita ce a riƙa sakin ruwa daga madatsun yadda zai kwaikwayi halin kogi na asali.

Na biyu, cikin shirin gyaran noman rani da Bankin Duniya ya ba da kuɗinsa a 2014, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ta haɗa kai da wata jami'a ta Madrid a ƙasar Sifen da Jami'ar Maryland ta Amurka, suka ce bari mu ga ko wannan annoba za ta yi wani amfani. Dabararsu daga cikin saniya suka ɗauko ta. A tumbin saniya akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narka mata ciyawa mai tauri. Malaman suka gwada sa irin waɗannan halittu su narka kacala cikin rufaffen tanki, iskar da ke tashi kuwa gas ce mai kama wuta, a yi girki da ita, abin da ya saura a zuba a gona taki. Suka kuma gwada yanka ta ɗanya, a daddatsa, a gauraya da baƙin maɗin rake, a danne a hana iska shiga har ta yi tsami, ta zama abincin dabbobi na ajiya. Abin lura a nan, ƙaramar kacala ta fi tsohuwa amfani ga dabba, don in ta tsufa ta zama kara.

Na uku, masana tsiro sun tabbatar da cewa kacala ta ganyenta ta ke shaƙar iska ta aika wa saiwa. In an sare ta a bisa ruwa, ko an ƙone ta, an yi mata aski ne kawai, za ta dawo da ƙarfinta. In kuwa an sare ta ƙarƙashin ruwa, ruwa ya rufe kututturen, aka maimaita sau biyu ko uku da zarar ta leƙo, saiwar ta kan shaƙe ta ruɓe. Wannan ba ya bukatar kome sai lauje da jama'a da sanin lokaci.

Ba mu kaɗai abin ya sama ba. A kogin Senegal, bayan an gama madatsar Diama a 1986, kacala ta mamaye bakin ruwa kamar namu. Mutanen Rosso ta Muritaniya, tare da babbar makarantar koyon sana'a ta garin, suka koyi mai da ita gawayin girki, ana sayarwa. Abin da ya yiwu a can ban ga dalilin da zai hana shi yiwuwa a Guri ba.

Yanzu ga inda na ke da magana da malamanmu, da girmamawa. Wannan ilmi duka yana cikin takardun Turanci, a ɗakunan karatu. Malam ya rubuta, an ƙara masa girma, madalla. Amma a wurin manomi, bincike bai ƙare ba sai ranar da ya ga abin a gonar maƙwabcinsa, gani ya kori ji. Ga shi kuwa yanzu ba mu da uzurin nisa. Akwai Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, akwai Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa tun 2013, ga kwalejin Binyaminu Usman a cikin Haɗeja kanta. Ɗalibansu da yawa 'ya'yan masu gonakin nan ne. Me zai hana ko wace ɗaya ta ɗauki ƙauye guda na bakin ruwa, ta kafa tankin gas da ramin abincin dabbobi a fili, ta lissafa wa mutane da Hausa abin da aka kashe da abin da aka samu, in riba riba, in hasara hasara? In tankin ya fi ƙarfin aljihun talaka a faɗa mana gaskiya, a nemi mai araha.

Na san wani zai ce injin yasa ya fi duk wannan sauri. Gaskiya ne, inji na buɗe hanya cikin kwanaki, muna kuwa godiya duk lokacin da hukuma ta kawo shi. Amma inji ya kan tafi, saiwa na nan. Wani kuma zai ce, in kacala ta zama kuɗi ai shi ke nan, an huta. A'a, kada malamai su bar mu da wannan zato. Gas da gawayi da abincin dabbobi amfaninsu shi ne su biya mai sara ladan wahalarsa, don ya koma baɗi. Tushen ciwon yana can wurin sakin ruwa. Muddin kogi bai sami lokacin bushewa ba, kacala za ta riga lauje gudu. Saboda haka wajibi ne malaman su kai lissafinsu gaban Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are, tare da hakimai da sarakunan ruwa da shugabannin makiyaya, a zauna a tsara watannin saki da na tsayarwa, ba tare da an hana Kano sha ko an kashe wa mai noman rani shuka ba. Abu ne mai wuya, amma auna irin wannan shi ne aikin mai ilmi.

Mu kuma manoma akwai namu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gayyar sarar kacala da a ke yi a ci gaba da ita, amma a gyara: a sara ƙarƙashin ruwa, a sara tun ba ta fid da kai ba, a kwashe abin da aka sara daga hanya, a kuma sa ranar komawa tun kafin a watse. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan aikin ruwa ya tafi asibiti, kada ya ce gado ne. In kuma ɗan jami'a ya zo da takarda yana tambaye-tambaye, ku karɓe shi hannu biyu, ku ba shi amsa, sa'an nan ku tambaye shi yaushe zai komo ya gaya muku abin da ya gano.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya da jan baki, amin. Sai mako mai zuwa.