Jan Katin Da Ya Kwana A Aljihu

Bara, ana saura 'yan kwanaki ruwan shuka ya sauka, na je gida hutun mako guda, sai na tarar ana wasan kusa da na ƙarshe na wata gasar cin kofi a wani gari da ke kan hanyar Bakori zuwa Malumfashi. Ɗan baffana ne ke buga wa ƙungiyar unguwarmu lamba bakwai. Yaro ne ɗan shekara ashirin da biyu, ga gudu ga yanka, kuma shi ne babban namiji a gidansu, shi ke riƙe da gonar mahaifinsa.

Kafin a tafi hutun rabin lokaci, ɗan bayan ɗaya ƙungiyar ya kwashe masa ƙafa har sau uku. A na farko rafali ya busa usur ya ba da bugun tazara. A na biyu ya kira mai laifin, ya dafa kafaɗarsa, ya yi masa raɗa. A na uku na gan shi da idona ya kai hannu aljihun ƙirji, ya waiga ya dubi bakin fili inda matasan garin suka yi dafifi, wasu riƙe da gora, sai ya fito da hannunsa wayam. Na huɗun ya zo bayan an dawo. Daga baya aka shigo masa, da ƙafa biyu, ƙusoshin takalmi a sama. Duk wanda ke tsaye a ɓangaren nan ya ji ƙarar ƙwaurin, kamar an taka busasshen karan dawa.

Babu gadon ɗaukar majinyaci, babu mota, babu ko bandeji. A kan benci aka fito da shi, aka sa shi a tsakiyar mutum biyu a kan mashin, ƙafar tana lilo, aka nufi gidan maɗori. Bayan makonni ɗorin ya ƙi, aka wuce da shi asibiti a Zariya. Masarar da baffana ya ajiye don ya sayar ya sayi taki, ita ta tafi a kuɗin aiki da magani. Noman fari da maimai da huɗa duk 'yan ƙwadago suka yi, inda kuɗi ya kai. Yau yaron yana tafiya, amma yana ɗingishi, kuma in sanyi ya shigo ba ya barci. Wanda ya karya shi kuwa ya buga wasan ƙarshe bayan kwana uku, har da ɗaukar hoto da kofi.

Duk wanda ya zo dubiya kalma ɗaya yake faɗa: ƙaddara ce. Ban musa ba. Amma mutumin da ya ga kunama a kan tabarmar yaransa sau uku, ya kau da kai sau uku, in ta harbi yaro a na huɗu, akwai tambayar da ya kamata a yi masa kafin a rufe magana da ƙaddara.

Kwanakin farko rafalin nake zagi a zuciyata. Daga baya na sake tunani. Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma abu ɗaya da ta koya mini shi ne, in kuskure ya faru sau ɗaya, mai yiwuwa hannun wani ne ya zame. In kuwa kuskure iri ɗaya yana maimaituwa a hannun mutane daban-daban, a wurare daban-daban, to a bar zagin mutane, a koma a duba yadda aka gina tsarin. Ku zagaya filayen Funtua da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Malumfashi, ku tambayi duk wanda ya taɓa taka leda: sau nawa ya ga an ba ɗan gida jan kati a gaban mutanensa? Ruwa ba ya tsami banza. Mu muka gina gasar da rafali ba zai iya yin gaskiya a cikinta ya koma gida lafiya ba.

Dokar kanta ba ta da wani duhu. Doka ta 12 a dokokin ƙwallon ƙafa na duniya ta kasa ƙeta gida uku. Wanda ya shiga da sakaci, bugun tazara ne kawai. Wanda ya shiga da ganganci bai damu da abin da zai samu abokin karawarsa ba, katin gargaɗi ne. Wanda ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima ya jefa lafiyar ɗan'uwansa cikin haɗari, jan kati ne, ko a minti na farko ne, ko ɗan sarkin garin ne. Tun gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko ake amfani da katunan nan. A 1998, gab da gasar da aka yi a Faransa, aka ƙara jaddada cewa shiga daga baya mai haɗari hukuncinsa kora ne, daga bisani aka faɗaɗa hukuncin ya haɗa da shiga ta gaba da ta gefe. Doka ta 4 kuma ta wajabta sanya makarin ƙwauri. A filayenmu, wanda ya samu kwali ya cusa a safa shi ne mai gata.

Kuma mun san dokar nan sarai. Mu ne fa muke cika gidajen kallo ranar Asabar. Magoya bayan Arsenal da suka manyanta ba su manta da Fabrairun 2008 ba, lokacin da Martin Taylor na Birmingham ya karya Eduardo minti uku da take wasa, ko Fabrairun 2010 da Ryan Shawcross na Stoke ya karya Aaron Ramsey. Dukansu biyu jan kati aka ba su nan take, kuma gidan kallo kaf ya ce ya yi daidai, wasu ma suka ce hukuncin ya yi kaɗan. Eduardo yana da likitocin ƙungiya da albashin da ba ya yankewa, duk da haka sai da ya yi kusan shekara bai buga wasa ba. Ɗan baffana me yake da shi? Mutumin da ke tsalle yana kiran jan kati saboda ƙafar wanda bai san da zamansa a duniya ba, shi ne washegari zai tsaya a bakin filin makarantar firamare yana ihu: in ƙwallo ta wuce, mutum kar ya wuce!

Na san amsoshin da za a ba ni. Za a ce ƙwallo wasan maza ne, mai tsoron karaya ya zauna gida. To ina ƙwallo ina dambe wajen mazantaka? Ku je dandalin dambe da kaka ku gani. Ƙato ya naɗe hannu da zare ya zo neman kisa, amma da zarar gwiwa ko hannun abokin karawarsa ya taɓa ƙasa, wasa ya ƙare. Ba mai ƙara masa naushi yana kwance, kuma in sun sarƙe alƙali na shiga tsakani su rabu. Kakanninmu da suka gada mana wasan da ya fi kowanne zafi sun san cewa sai da iyaka jarumta take zama jarumta. Wanda ya bi mutum ta baya ya tokare masa ƙwauri, a dandalin dambe ko kirari ba zai samu ba.

Za a ce ai ya taɓa ƙwallo kafin ya taɓa mutum. Dokar ba ta ce taɓa ƙwallo na wanke laifi ba. In ka shigo da gudun da zai karya ƙashi, taɓa ƙwallon bai rage komai daga haɗarin ba. Za a kuma ce jan kati na ɓata wasa, 'yan kallo sun biya kuɗin ƙofa. Wasan minti casa'in ne. Karayar ƙwauri wata uku ce zuwa shida in an dace, wato damina guda cur. A ƙasar da masara da auduga da waken suya ke ciyar da gida, ƙafar saurayi jari ce ta mutum goma.

Yanzu mu dubi rafalin. Galibi malamin makaranta ne ko tsohon ɗan wasa daga garin ko maƙwabta. Sallamarsa ba ta taka kara ta karya ba, kuma sau da yawa sai an tashi ake haɗa masa ita daga hannun ƙungiyoyin da ya yi wa alƙalanci. Ba shinge tsakaninsa da 'yan kallo sai layin toka. Ba ɗan sanda. Mashin ɗinsa yana jingine a bayan mutanen da zai ɓata wa rai. Mai ba da kofin, wanda yawanci yana da wata kujera da yake hange, yana zaune a rumfa, kuma kowa ya san ƙungiyar da yake so ta kai wasan ƙarshe. Sannan a ce wannan bawan Allah ya ɗaga jan kati? Ko a babbar gasar ƙasa abin bai tsira ba. A Yunin 2019, a filin Agege da ke Legas, bayan wasan Kano Pillars da Enugu Rangers, magoya baya sun kutsa fili suka far wa alƙalin wasa, har aka ci ƙungiyar tarar naira miliyan 8. Ba Kanawa nake nuna wa yatsa ba, halinmu ɗaya da su. In alƙalin da ke da jami'an tsaro da kyamarar talabijin a kansa sai da ya gudu, me ake tsammani daga wanda ba shi da kowa sai Allah?

Akwai ma abin da ya fi karaya ban tsoro, domin shi ba a ganinsa: buguwar kai. Yara biyu su yi karo a sama, ɗaya ya faɗi kan jar ƙasar rani mai tauri kamar daɓe, a kwara masa ruwan leda, ya miƙe yana layi, a tafa masa a ce namiji ne, ya koma ciki. A Ostireliya, inda suke da tasu irin ƙwallon da ake kama mutum a kayar, tsofaffin 'yan wasa sun kai hukumar wasan kotu a 2023 saboda illar da buguwar kai ta bar musu. Tun 2021 dokarsu ta ce wanda ƙwaƙwalwarsa ta girgiza sai ya huta aƙalla kwana 12, a 2024 kuma suka mai da shi kwana 21 ga ƙananan gasanni. A shekarar ta 2024 dokokin ƙwallon ƙafa suka amince da ƙarin canji na musamman don fitar da wanda ya bugu a ka. Mu har yanzu ruwan leda ne likitanmu.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba, kuma ba sai an jira Abuja ko Katsina ba. Duk mai shirya gasa ya ɗauko rafali daga wani garin, ya biya shi da hannunsa kafin a take wasa, ya tanadi mutanen da za su raka shi har ya fita gari. Ƙungiyar da magoya bayanta suka taɓa alƙali a cire ta daga gasar a ranar, ko ta wane ce. Wanda aka kora saboda mugunyar shiga a rubuta sunansa, masu shirya gasanni na yankin su riƙa tura wa juna, kada ya karya yaro a Bakori ranar Juma'a ya ɓulla Funtua ranar Lahadi da sabuwar riga. Wannan ko manhaja ba ya buƙata, littafi ɗaya da zauren WhatsApp ɗaya sun isa. Ba makarin ƙwauri, ba shiga fili. Wanda ya bugu a ka ya fita, kada ya dawo ranar, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. A ajiye mota ɗaya da mai a bakin fili, a gayyato ma'aikacin lafiya ɗaya. Daga kuɗin rajistar ƙungiyoyi a ware wani kaso na jinya tun kafin a fara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranka ya daɗe, Alhaji mai ba da kofi, kuɗin duk waɗannan bai kai na rumfa da lasifika da fastocin da ke ɗauke da hotonka ba. In za ka iya sayen rago ga wanda ya zo na ɗaya, za ka iya sayen tsaron mutumin da ke riƙe da usur. Hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha da ƙungiyar alƙalan wasa su ma kada su amince da gasar da ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Mu kuma 'yan kallo, laifi tudu ne. Ranar nan ina tsaye a bakin fili, na ga shiga ta farko da ta biyu da ta uku, ban ce uffan ba, don kada a ce ɗan birni ya zo da iyayi. Da mutum ashirin a cikinmu sun matsa kusa da rafalin nan sun nuna masa ba shi kaɗai ba ne, wataƙila da hannunsa bai fito wayam ba.

Na sake haɗuwa da shi da kaka a kasuwar Ɗandume, ya zo sayar da wake. Shi ya fara gane ni. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, sannan ya tambaye ni ya mai jiki. Na ce da sauƙi. Ya ce tun daga ranar bai sake busa usur ba.