Gahawar Manyan Tarurruka: Ina Rabon Manomin Mambila?

Duk wanda aiki ya kan kai shi manyan tarurruka a Ikko ko Abuja, lalle ya lura da wani sabon yayi. A da, in an tashi hutu, abin da a kan tarar a bakin zaure shi ne ruwan zafi, da garin gahawa na gwangwani, da sukari da madara, kowa ya haɗa wa kansa. Yanzu kuwa masu shirya taro su kan ɗauko 'yan kwangila na musamman, su zo da injuna da ma'aikata, su niƙa 'ya'yan gahawa a gaban baƙi, ƙamshi ya gauraye wuri.

Wannan gahawa da su ke taƙama da ita tana da ƙa'ida. A al'adar masu cinikinta, ƙwararrun masu ɗanɗano ne ke ba ta maki bisa ɗari, kuma sai wadda ta sami 80 ko fiye a ke kira zaɓaɓɓiya.

To, amma dafa wa mutum ɗaya daban, shayar da taro daban. Mu ƙaddara baƙi 500 ne, hutun kuma minti 20. In kowane kofi zai ci minti ɗaya a inji, ma'aikaci guda mutum 20 kaɗai zai sallama, watau sai an jera ma'aikata 25 kafin kowa ya samu. Saboda haka masu wayo su kan dafa mafi yawa a manyan tukwanen tacewa, su bar injin ga 'yan tsirarun da ba su ƙi bin layi ba. Awon da aka saba shi ne giram 60 a kowace lita. Kofi 500 matsakaita kimanin lita 100 ke nan, watau kilo shida na gahawa. Ruwan kuma so a ke ya kusa tafasa, daga digiri 90 zuwa 96. In an dafa ta daɗe a ajiye, sai ta juye ta yi ɗaci. Shi ya sa babban abokin gābar mai wannan kwangila shi ne babban baƙon da ya zarce da jawabi, sa'an nan wutar lantarki.

Abin da ya dame ni shi ne kilo shidan nan. Galibi in ka duba jakar, sunan Habasha za ka gani, ko Kenya, ko Ruwanda. Alhali kuwa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, inda tudu ya kai kimanin mita 1,600, ana noman Arabika, irin da wannan kasuwa ta fi nema. Cibiyar Binciken Koko da ke Ibadan, wadda gahawa ke cikin aikinta, tana da reshe a Kusuku a can bisa tsaunin.

Tun da aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986, aka bar manomi da ɗan sari. In kuɗi ɗaya za a biya shi ko ya tsinci nunannu zalla ko ya haɗa da ɗanyu, don me zai wahalar da kansa? Maki 80 kuwa daga tsinka da shanya ya ke farawa, ba daga injin otal ba.

Shawarata ga ma'aikatun gwamnati da bankuna, tun da su ne manyan masu kiran taro: a rubuta cikin takardar kwangila cewa wani kaso na gahawar ya zama na gida, a kuma kafa ɗan allo a kan tebur mai ɗauke da sunan ƙauyen da aka noma ta. Kilo shida ba wani abu ba ne. Amma ɗan kwangilar da ya san za a nemi hakan a kowane taro har shekara ta zagayo, dole ya hau mota ya bi ta Serti ya haura Gembu tun kafin kaka, ya zauna da manoma a yi ciniki.