Amfilifaya Biyu a Akwati Ɗaya: A Fara da Lissafi Kafin Daɗin Murya

Daga cikin mas'alolin da makaɗan jita ke yawan kai wa masu gyaran kayan sauti, akwai wata wadda a zahiri take kamar mai sauƙi, alhali kuwa ta yi sanadin hasarar dukiya mai yawa. Wato mutum ya mallaki amfilifaya biyu, ɗaya mai murya garau, ɗaya mai gurnani, amma akwatin lasifikarsa guda ne tak, ko don aljihu bai kai ga na biyu ba, ko don motar da ke kai su wurin biki ba ta ɗaukar biyu, sai ya zo yana tambayar wace irin lasifika zai zuba a cikin akwatin nan har duka biyun su ji daɗinta. A ganina wannan tambaya an yi gaggawar kawo ta, domin ita ce ta ƙarshe a cikin tambayoyi huɗu, kuma wanda ya fara da ita yakan ƙare a gaban mai naɗin koyil, yana shaƙar ƙaurin wayar da ta ƙone.

Akwai abu guda da masana wannan fanni suka yi ijma'i a kansa, ba saɓani ko kaɗan: haramun ne a jona amfilifaya biyu a kan lasifika ɗaya a lokaci guda, domin kowace za ta tura wutarta cikin cikin 'yar'uwarta, kuma ba za a rabu ba sai ɗaya ta mutu, in ma ba duka ba. Saboda haka zaman nan ba ya yiwuwa sai ta ɗayan fuska biyu, irin na kishiyoyi a gidan mai adalci: ko dai kowace da ɗakinta, ko kuwa a yi rabon kwana. Fuska ta farko ita ce a raba wayoyin akwatin gida biyu, lasifikan dama su zama na wannan, na hagu su zama na waccan, kowane sashe da kafar jona wayarsa, ba abin da ya haɗa su sai katako. Ta biyu ita ce a bar akwatin yadda yake, a sa wata 'yar na'ura a tsakani, irin wadda kamfanin Radial na ƙasar Kanada ke ƙerawa da sunan Headbone, makaɗi ya taka ta da ƙafa ta miƙa akwatin gaba ɗaya ga wannan amfilifaya ko ga waccan.

Ni dai na fi karkata ga ta farko, kuma ba bidi'a ba ce. Tun 1975 kamfanin Roland na Japan ya fito da JC-120, wadda haƙiƙaninta amfilifaya biyu ce masu wat 60 kowace, kowace da lasifikarta mai faɗin inci 12, a cikin akwati guda. Haka kuma akwatin Marshall da ake kira 1960A, mai lasifika huɗu, akwai wani ɗan makunni a bayansa wanda in an tura shi sai akwatin ya rabu biyu. Shi kansa wannan akwati tarihinsa na da alaƙa da rabo, don kuwa a 1965, sa'ad da Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya nemi Jim Marshall a Landan ya yi masa abin da zai fi kowa ƙara, an harhaɗa masa akwati mai lasifika takwas, masu ɗaukar kaya suka ce ba za su iya ba, sai aka tsaga shi biyu aka ɗora ɗaya bisa ɗaya. Nauyi ne ya raba na Townshend, nauyin nan dai shi ne ke sa makaɗin yau neman haɗa biyu a ɗaya.

To, tambaya ta farko ita ce ta om, wato ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wutar da aka turo mata. Kowace amfilifaya akwai adadin da aka gina ta a kansa, yawanci 4 ko 8 ko 16, an rubuta a bayanta. Lissafin ba wuya: lasifika biyu masu om 16, in an jona su kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi, sun zama 8, masu om 8 guda biyu a haka sun zama 4, in kuwa an jera su wutar ta ratsa ta ɗaya ta shiga ɗaya, sai a tara, 8 da 8 su ba da 16. Wannan ne ya sa akwatin Marshall ɗin nan, da yake lasifikansa huɗu duk masu om 16 ne, yake ba da 8 a kowane sashe in an raba shi. Abin da ya wajaba a kiyaye shi ne amfilifaya iri biyu ce, kuma abin da ke kashe wannan ba shi ke kashe waccan ba. Mai taransista ba ta damu ba ko an kunna ta ba lasifika, amma in om ya yi ƙasa da haddinta sai ta yi zafi ta ƙone. Mai bawul kuwa, wato mai kwalaben nan na gilashi da ke yin ja in an kunna, ita babbar musibarta a kaɗa ta babu lasifika a jone, domin wutar da ta rasa mafita takan koma ta fasa taransifomarta, wadda tana cikin kayan da suka fi tsada a jikinta. Nan ne raunin rabon kwana yake: 'yar na'urar tana ba wadda ba ta aiki wani ɗan kaya ta riƙe, amma idan akwai na'urar amsa-kuwwa a jone a cikin amfilifayar, wadda ke ci gaba da maimaita sauti bayan an juya, to wuta mai ƙarfi na nan na kwarara inda ba a shirya mata ba.

Kada kuma a gaskata rubutun da ke jikin akwati, musamman da yake galibin kayan da ke isowa hannun makaɗanmu, daga masu kiɗan biki a Agadas har masu kiɗan coci a Jos, na hannu ne, sun ratsa ta hannuwa da yawa, kowa ya canja abin da ya canja. A kwance murfin baya a duba da ido, a ɗora mita a kan kowace lasifika ita kaɗai. Mai om 8 za ta nuna wajen 6 ko 7, mai 16 ta nuna 12 zuwa 14, haka ɗabi'arsu take, ba aibi ba ne.

Tambaya ta biyu, ta wat, ita ce wadda aka fi yin tuntuɓe a kanta, don mutane na mancewa cewa wanda ya raba akwati ya raba ƙarfinsa. Akwatin 1960A yana ɗaukar wat 300 a haɗe, amma 150 kaɗai a kowane sashe. Wannan da sauƙi. Inda abin ke ɓaci shi ne ga wanda zuciyarsa ta kwanta da lasifikar Celestion ɗin nan mai koren baya, Greenback, wadda muryarta ta shahara a waƙoƙin Ingila na shekarun 1960 da 1970, amma ba ta ɗaukar fiye da wat 25. Biyu daga cikinta 50 ke nan, kuma idan aka sakar musu amfilifaya mai wat 100, balle mai bawul, wadda in an murɗa ta har ta fara gurnani takan zarce adadin da aka rubuta mata nesa ba kusa ba, to ajalinsu bai wuce dare ɗaya ba. Gauraya ma ba ta ceto: in an haɗa Greenback da Vintage 30 mai wat 60 a sashe guda, kuma om ɗinsu ɗaya, wutar raba-daidai take yi a tsakaninsu, saboda haka abin da sashen zai jure 50 ne, ba 85 ba. Hukuncin na bin mai rauni.

Ta uku ita ce wadda nake ganin an fi zalunta da rashin kula, alhali a nan ne hikimar zaɓe take. Lasifika biyu za a ba su wuta daidai wa daida, ɗaya ta fi ɗaya ƙara, kuma ana auna wannan da desibel. Vintage 30, wadda ta fito a 1986, an rubuta mata 100. G12T-75, wadda ke cikin akwatin Marshall, an rubuta mata 97. Mai karatu zai ce uku kacal, amma ukun nan daidai take da ninka wutar amfilifaya sau biyu. Ma'ana, wanda ke da amfilifaya mai wat 50 da wata mai wat 100, idan ya ba ƙaramar lasifikan da suka fi ƙara, ya ba babbar waɗanda suka fi jure wuta, to ya kusa daidaita mizaninsu ba tare da ya taɓa maɓalli ba. Idan kuwa ya juya rabon, ƙaramar za ta nutse, ya yi ta zarginta da laifin da ba nata ba. Wannan dama ba ta samuwa ga mai rabon kwana, tun da shi dole duka biyun su yi magana da baki ɗaya.

Sai bayan an gama da waɗannan ne ake zuwa ga daɗin murya, kuma a nan ba ni da fatawa mai yanke husuma, don kunne ba ya karɓar hujja. Iyakar abin da zan ce, kada a tara wa amfilifaya abin da ta riga ta mallaka. Irin na Fender na Amurka suna da kauri a ƙasa da kaifi a sama, tsakiyarsu a rame. G12T-75 ma halinta ke nan, in an haɗa su sai ka ji jita ta ɓace da zarar ganga ta shigo. Vintage 30 kuwa tsakiyarta a cike take har da tsini, tana tallafa wa mai ramammiyar tsakiya, amma takan sa wadda dama ke da tsini ta riƙa sukar kunne. Masu goyon bayan rabon kwana suna da hujja guda wadda ba na musunta: lasifika huɗu suna tura iska fiye da biyu, kuma makaɗin da ya saba jin akwati na bugun ƙirjinsa zai ji an rage masa wani abu. Amma farashin wannan shi ne neman lasifikar sulhu, wadda ba ta ɓata wa kowa ba, ba ta kuma gamsar da kowa ba.

Saura abu biyu na aikin hannu. Idan akwatin rufaffe ne, iskar cikinsa tarayya ce, duk sa'ad da takardar lasifikar dama ta motsa sai ta hagu ta ji a jikinta, don haka mustahabbi ne kafinta ya sa allon katako a tsakiya. Kuma kada kafofin jona wayar biyu su zauna a kan faranti ɗaya na ƙarfe, domin ƙarfen zai sada amfilifayan ta ɓoye. Sa'an nan a ɗauki ɗan batir mai bolt 9, a taɓa wayoyin kowane sashe da shi taɓawa ɗaya: za a ji wani ɗan ɓas, a ga takardun sun zaburo waje ko sun shige ciki, kuma wajibi ne na sashe guda su tafi gefe ɗaya tare. Ko bayan haka, wasu amfilifayan da kansu suke juya sautin, saboda haka idan an kunna biyun tare aka ji kaurin ya zube, jita ta koma siririya, sai a musanya wayoyi biyun na sashe ɗaya, ja ta koma gurbin baƙa, a sake kaɗawa a saurara.