Otal a Dutse, hoton Paris a bango

1/ Yau dai sai na faɗa, mai jin haushi ya ji. Abokina ya zo Dutse daga Ibadan taron bita na kwana uku. Na je otal ɗin da aka sauke shi, ina shiga sai ga ƙaton hoton hasumiyar Paris a bango. A Dutse fa! Garin da duwatsu ke leƙo ka ta taga.

2/ Ya tambayi fura, mai karɓar baƙi ta yi dariya, wai "ai nan ba a sayar da irin wannan". Irin wannan! Sai ka ce abin kunya ya nema. Soyayyar shinkafa da dankalin Turawa, safe da dare.

3/ Abin da ya fi ƙona min rai dabino. Muna noma shi, har tashar binciken dabino ta NIFOR gare mu a nan Dutse. Amma alawar leda aka ajiye masa a ɗaki. Dabino biyar a faranti nawa zai ci muku, don Allah?

4/ Ni na ɗauke shi a babur zuwa Garu, tsohuwar fadar Sarki. Ya fi awa guda yana ɗaukar hoton zanen bango. Washegari muka je Birnin Kudu, ya ga zanen shanun mutanen da a Dutsen Habude, ya buga dutsen da ke ƙara kamar ƙararrawa. Tambayarsa ɗaya: me ya sa ba wanda ya gaya masa a otal? Wallahi na rasa amsa.

5/ Na san za a ce baƙinmu 'yan taro ne, ba 'yan yawon buɗe ido ba. Na yarda, tun 1991 da aka yi Jigawa galibi aiki ke kawo mutane. To amma taro na tashi da la'asar. Daga nan fa? Ya kwanta kallon talabijin, ko ya wuce Kano ya kashe kuɗinsa can.

6/ Kuɗin nan na mai fura ne, na mai saƙar tabarma, na ɗaliban Jami'ar Tarayya da za su iya yi wa baƙo jagora da Hausa da Turanci su samu na abinci.

7/ Masu otal, Sallah na tafe, Sarki zai hau. Wa kuka tanada ya kai baƙonku kallon hawa?