Raddi ga Masu Cewa a Daina Koyar da Ƙidayar Tushe Biyu

A wani zama da muka yi domin gyara tsarin karatun ƴan shekarar farko, wani abokin aikina ya kawo shawarar a cire darasin ƙidayar tushe biyu da ta tushe goma sha shida. Hujjarsa ita ce harsunan rubuta manhaja na yau, irin su Python, sun ɗauke wa ɗalibi wannan wahala, saboda haka koyar da ita ɓata lokaci ne. Mutane da dama sun gyaɗa kai. Ni ban yarda ba, kuma ga dalilaina, domin ɗalibin da aka hana wa darasin shi zai biya kuɗin wannan shawara.

Gaskiya ne babu wanda zai zauna yau ya rubuta manhaja da sifili da ɗaya zalla. Amma abin da harshen ya ɓoye yana nan inda yake. Kwamfuta ba ta san komai ba sai hali biyu, akwai wuta ko babu, kuma kowane ɗayansu shi ake kira bit. Bit takwas su ne bayit guda, wanda ke ɗaukar adadi daga 0 zuwa 255. Da yake jerin sifili da ɗaya yana gajiyar da ido, sai aka ɗauki tushe goma sha shida, mai lambobi 0 zuwa 9 da haruffa A zuwa F, inda alama ɗaya take tsayawa a madadin bit huɗu cif. Shi ya sa 11111111 take zama FF, wato 255. Iyakar darasin ke nan, kuma bai wuce aikin mako biyu ba.

Bari in fara da abin da ya shafe mu, mu masu rubutu da Hausa. Wa bai taɓa buɗe takarda a kwamfuta ya tarar kalmar “ƙasa” ta koma “Æ™asa” ba? Wanda bai san ƙidayar ba zai ce na'urar ce ta lalace, ko ya haƙura ya riƙa rubuta k a wurin ƙ, har “ƙafa” da “kafa” su zama abu ɗaya. Wanda ya sani kuwa zai gane cewa lambar ƙ a tsarin Unicode ita ce 0199 a tushe goma sha shida, kuma tsarin UTF-8 yana ajiye ta a bayit biyu, C6 da 99. Idan wata manhaja ta karanta su ɗaya bayan ɗaya da tsohon tsarin Windows-1252, C6 ta zama Æ, 99 ta zama ™. Rubutun bai ɓace ba, karatun ne aka yi ba daidai ba, kuma gyaransa layi ɗaya ne.

Haka abin yake a saƙon tes na waya. Saƙo guda yana ɗaukar bayit 140, wato bit 1,120. Idan kowane harafi ya ci bit 7, za a sami haruffa 160. Amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba sa cikin wannan ƙaramin jadawali, don haka da zarar ɗayansu ya shiga, duk saƙon yakan koma bit 16 ga kowane harafi, ya rage saura 70 kacal. Mai rubuta manhajar da za ta aika wa manoma dubu goma sanarwa da Hausa, in bai san wannan lissafi ba, zai ga kuɗin saƙo ya ninka ya rasa dalili.

Wani zai ce waɗannan ƙananan abubuwa ne. To, ga babba. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi daga Kuru a yankin Giyana na Faransa, ta tarwatse kafin ta cika minti ɗaya a sama. Bincike ya nuna cewa manhajar da aka gada daga Ariane 4 ta yi ƙoƙarin cusa wani adadi mai bit 64 cikin gurbi mai bit 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya haura 32,767. Wata matsalar irin wannan tana jiranmu a gaba: na'urorin da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970 a gurbi mai bit 32 za su cika a 2,147,483,647, ranar 19 ga Janairu 2038. Ɗaliban da ke gabanmu yau su ne za su kasance a bakin aiki a lokacin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujja ta biyu da aka kawo ita ce darasin yana da wuya, yana korar ɗalibai. Wannan raina hankalin ɗalibi ne. Mai sayar da tumatir a kasuwar Maraɗi ko Damagaram takan ce dala ashirin, mai saye ya miƙa sefa 100, babu wanda ya ɗauko alƙalami. Mutumin da ya tashi yana juya kuɗi tsakanin ƙidaya biyu tun yana yaro, ba za a ce masa juya 16 zuwa 10000 ya fi ƙarfinsa ba. Idan ɗalibai suna gudun darasin, mu binciki yadda muke koyar da shi. Mun saba cika allo da rabe-rabe ba tare da mun nuna musu harafi ɗaya da ya lalace ko launi ɗaya irin FF0000, wato ja, da za su gani da idonsu ba.

Hujja ta uku ita ce na'ura tana iya juya adadin nan take. Haka ne, amma na'ura ba za ta gaya maka cewa matsalarka ta juyin adadi ce ba. Ɗalibin da ya rubuta 0.1 + 0.2 a Python ya ga 0.30000000000000004, sai wanda ya san cewa 0.1 ba ta da ƙarshe a tushe biyu zai fahimci abin da ya faru, ya kuma guji ajiye kuɗin mutane ta wannan hanya.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, ko an bar darasin a jadawali ko an cire, ka koye shi. Ka fara yau da harafin ɗ, wanda lambarsa 0257 ce a tushe goma sha shida: ka juya ta zuwa tushe biyu da hannunka, sannan ka nemo bayit biyun da UTF-8 ke ajiye ta da su.