Ra'ayinmu: Harafi ɗaya a takarda na raba miji da mata shekaru

Duk wanda yake da ɗan'uwa a Faransa, Beljiyam, Kanada ko Amurka ya san wannan labari. An ɗaura aure a Maraɗi ko Damagaram, an yi buki, ango ya koma bakin aikinsa da alkawarin amarya za ta biyo shi nan da wata shida. Shekara biyu, uku, tana gidan iyayenta ko na surukai, aure ya koma kiran bidiyo a WhatsApp. Mutanen unguwa sun fara tsegumi, wai ya yi wata a can. Sau da yawa kuwa mijin ya cika duk sharuɗɗan da aka gindaya masa: yana da izinin zama, yana da albashi, yana da gida. Abin da ya tsayar da komai takarda ce da aka rubuta a nan gida.

A ganinmu lokaci ya yi da za a daina ɗora laifin duka a kan ofisoshin jakadanci. Suna da nasu, za mu zo kansa. Amma babban kaso na wannan wahala a ma'aikatun magajin gari da kotunanmu da gidajenmu aka haife shi.

A fara da suna. Yawancinmu ba mu da sunan dangi tsayayye irin na Turawa. Mutum sunansa ne da na mahaifinsa, wani lokaci da na kakansa. Kuma kowane magatakarda yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Mace ɗaya ta zama Aïchatou a takardar haihuwa, Aïssatou a katin ɗan ƙasa, Aïcha a fasfo. Mahaifinta Mahamadou ne a wuri ɗaya, Mahaman a wani, Mamane a na uku, alhali duk garin Laouali suke ce masa. Mu a nan babu mai ruɗewa. Ma'aikacin da ke zaune a Nantes ko Ottawa kuwa mutum uku yake gani. In amaryar daga Jibiya ko Katsina take, inda Ousmane yake zama Usman, Hadiza ta zama Khadija, sai rikicin ya ninka.

Ranar haihuwa ta fi suna ciwo. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kusan kashi 64 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Nijar, kuma amaren yau sun girmi waɗannan yaran. Da yawansu ba a yi musu takarda ba sai da jarrabawa ta matso, aka je kotu aka samo hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa, da shaidu biyu da shekarar da aka ƙiyasta. Daga nan ne muka cika da mutanen da aka haifa ranar 1 ga Janairu. Sannan ga ɗabi'ar da kowa ya sani, ba a dai faɗa: rage shekaru don makaranta ko gasar ɗaukar aiki. Yarinya ta tashi da takardun haihuwa biyu, ɗaya ta ƙauye, ɗaya ta birni, kuma ba ita ta yi ba. Ita ce dai za ta biya, ranar da aka jera takardunta a kan tebur ɗaya.

Dokar Faransa, a sashe na 47 na kundin dokokin farar hula, ta ce ana karɓar takardar wata ƙasa sai fa idan akwai alamar an saɓa ƙa'ida, ko jabu ce, ko abin da ke cikinta bai dace da gaskiya ba. Da zarar ma'aikaci ya yi shakka, sai ya aika a duba asalin rajista a garin da aka ba da takardar, kuma wannan bincike na iya cin watanni. A nan ne ake jin kunya. Wani littafin rajistar gara ta ci, wani ruwan damina ya jiƙa shi, wani lambar da ke kan takardar ta wani mutum ce dabam. Wani lokaci kuma wasiƙar tana ajiye babu wanda ya amsa ta. Shirun nan, a can ana fassara shi da cewa takardar ba ta da asali.

Sai auren kansa. A wurinmu aure ya ɗauru idan waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, an biya sadaki, shaidu sun ji, an shafa fatiha. Ango ko yana Montreal babu abin da ya ragu. Kanada kuwa tun 2015 ta daina amincewa da auren da aka ɗaura ta wakilci ko ta waya, wanda ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin da jikinsa. Amurka tana karɓar irin wannan aure ne kawai idan an nuna cewa ma'auratan sun sadu bayan ɗaurin. Wanda ya samu takardar zama Bafaranshe ma dole ne ya halarci aurensa da kansa. Matasa nawa ne suka san haka kafin su aiko da kuɗin goro? Sannan babu ɗaya daga cikin ƙasashen nan da ke ba mata ta biyu biza a matsayin matar aure, kuma a Faransa da Kanada sai matar ta cika shekara 18.

Ko da ango ya zo, ba a cika zuwa ma'aikatar magajin gari ba. Dokar da ta tsara rajistar haihuwa, aure da mutuwa, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Yulin 2019, ta ba da kwana 60 a kai sanarwa. In wa'adin ya wuce, sai ta kotu. Iyalai kan tuna da takardar aure ne ranar da aka tambaye ta, sai a ruga a samo wadda ke ɗauke da kwanan watan da bai yi daidai da hatimin shiga ƙasa da ke fasfon mijin ba, ko wadda ta nuna an haifi ɗan fari kafin aure.

A wannan gaɓa ne 'yan cuwa-cuwa ke shigowa, masu zama a bakin ofisoshi suna cewa kawo jika kaza gobe ka karɓi sabuwar takarda. Muna kira ga masu karatunmu da su guje su. Kuskuren harafi ana gyara shi ta kotu, a hankali, kuma gyaran yana barin shaida. Takardar jabu idan aka kama ta, Kanada na hana mutum shiga na shekara biyar, Amurka kuma na iya rufe masa ƙofa har abada. Haka nan wanda ya ce shi gwauro ne lokacin da yake neman nasa izinin zaman, ko ya ƙi rubuta matarsa a cacar bizar Amurka don wani ya ba shi shawarar haka ta fi sauƙi: ranar da ya ce zai ɗauko ta, tsohuwar amsarsa na nan a kwamfuta.

Ƙasashen da ke karɓar baƙi ma ba za mu wanke su ba. Sun san yadda ake raɗa suna da ɗaura aure a Sahel, amma suna auna mu da ma'aunin da ba a yi don mu ba, kuma sukan ƙi ba da biza da jimla ɗaya wadda ba ta faɗi takardar da ke da matsala ba. Tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, matar da mijinta ya cika sharaɗin zaman wata 18 da sauran ƙa'idojin haɗa iyali sai ta ƙetare iyaka kafin ta ajiye takardunta, da kuɗin mota da na masauki. In an ƙi, ƙara a Nantes ake kai ta, kuma ba kowa ke da kuɗin lauya ba. Rikicin gwamnatoci ne, amma amarya a Tawa ke ɗaukar nauyinsa.

Wannan ɓangaren ba a hannunmu yake ba. Rajistarmu kuwa a hannunmu take. An fito da fasfon AES a Janairun 2025, ana ta maganar katin zamani mai hoton yatsa, amma kati komai kyansa abin da ke cikin takardar haihuwa yake kwafewa, har da kuskuren. Muna son ma'aikatar cikin gida ta fara da tsofaffin littattafan rajista: a ɗauke su a kwamfuta, a haɗa ƙananan hukumomi wuri ɗaya, yadda za a tabbatar da takardar Tasawa daga Yamai cikin kwana biyu. A sa wa kowace ma'aikatar magajin gari wa'adin amsa wasiƙar bincike. A sauƙaƙa gyaran kuskuren rubutu, kada harafi ɗaya ya ci wata shida a kotu. Kotunan tafi-da-gidanka da ake kai wa ƙauyuka don takardun haihuwar yara su riƙa karɓar aure ma. Limamai da masu unguwa kuma, tun da a gabansu ake shafa fatiha, a ba su fom ɗin sanarwa su cika a wurin, a kai shi ma'aikatar magajin gari kafin kwana 60 su cika.