Waiwaye: Fulawa mai ƙaya da ranin Sakkwato

Duk wanda ya zauna a Sakkwato ya san watannin Maris da Afrilu. Hunturu ya kwashe ƙurarsa, bazara ta kama, ma'aunin zafi yana haura 40 kusan kullum, ciyawa ta bushe ƙarau, ko akuya sai ta nemi gindin katanga ta lafe. A daidai wannan lokaci ne, idan ka bi ta tsofaffin layukan GRA, za ka ga katanga ta lulluɓe da ja da shunayya da fari, alhali rabon garin da ruwan sama tun Satumba ko farkon Oktoba. Masu sayar da dashe suna kiran wannan shuka buganbiliya. Mu dai a gida fulawa mai ƙaya muke ce mata.

Ta hannun kawuna na san ta. Manomin albasa ne daga fadamar gulbin Rima, ya shigo birni cin rani, ya samu aikin gadina a gidajen gwamnati, shi ke nan ya zauna. Aikin yana da kasuwa a lokacin. Tun da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, daga baya ta Jihar Sakkwato a 1976, aka yi ta gina wa manyan ma'aikata gidaje masu faɗin fili, kuma sun gaji ɗabi'ar shuka fulawa daga Turawan da suka ci garin a 1903. Ranakun Alhamis da Juma'a, da yake babu makarantar allo, ni nake bin Kawu ina riƙe masa bokiti. Ba don son fulawa nake zuwa ba, gidajen akwai mangwaro da gwaiba.

Shukar baƙuwa ce, daga Kudancin Amurka ta fito. A 1767 jiragen ruwan wani Bafaranshe mai suna Louis Antoine de Bougainville, da suka fito zagaya duniya, suka tsaya a gaɓar birnin Riyo na ƙasar Birazil. A cikin tawagar akwai masanin tsirrai Philibert Commerson, da mai taimaka masa, Jeanne Baret, mace ce da ta yi shigar maza don dokar sojan ruwan Faransa ta hana mata shiga jirgi. Su suka tsinko shukar, aka sa mata sunan shugaban tafiyar, ita kuwa Baret tarihi ya riƙe ta a matsayin macen farko da ta zagaya duniya. Daga nan Turawa suka yi ta yawo da fulawar zuwa ƙasashen zafi da suka mallaka. Kawu bai san ko ɗaya daga cikin wannan labari ba, amma ya san halin shukar fiye da duk wanda na gani bayansa.

Shi ya fara nuna mini cewa abin da muke kira furen ba fure ba ne. Ya tsinko ɗaya ya buɗa mini a tafin hannu: ganye uku ne marasa kauri da suka rine, suna kewaye da wasu 'yan tsinkaye uku, kowanne da ɗan farin baki ƙanƙane. Waɗannan fararen su ne furen gaskiya. Jan da ke ɗaukar ido daga nesa ganye ne, shi ya sa yake daɗewa a kan reshe ana zabga rana bai kaɗe ba.

Shekarar da ta fi tsaya mini a rai ita ce 1984. Damina ta yi gardama, gero ya ƙone a gonaki, rijiyoyi suka ja baya, famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba. A gidan da Kawu ke aiki koriyar ciyawar tsakar gida ce ta fara mutuwa, wardi ya bi bayanta, sauran fulawoyi masu faɗin ganye suka langaɓe ɗaya bayan ɗaya. Kawu bai yi ta kansu ba. Ɗan ruwan da yake samu ya raba shi tsakanin lemun tsami da fulawa mai ƙaya, ita ma sai an kwana biyu yake waiwayarta. Da rani ya tsaya, katangar gidan ta yi jan da ban taɓa gani ba.

A gidan da ke maƙwabtaka kuwa akwai wani ma'aikaci da aka yi wa canjin aiki daga Kaduna, mutum mai son shuka tsakani da Allah. Motar tanki ke kawo masa ruwa, yaronsa na ban-ruwa safe da yamma, shi da kansa yake barbaɗa takin zamani. Fulawarsa ta yi kore shar, ta haye katanga, rassa kamar za su shiga titi, amma fure sai ɗai-ɗai. Wata yamma ya leƙo ta shinge.

"Baba, sannu da aiki. Don Allah me kake ba taka wanda ban ba tawa ba?"

Kawu ya ajiye adda ya rusuna. "Ranka shi daɗe, ruwa sun yi mata yawa. Wagga hulawa halin raƙumi gare ta. Ka ba ta ta sha ta ƙoshi, sannan ka ƙyale ta hal ka ga ganyenta ya hwara yaushi. Takin ga ma a ɗauke mata shi."

Mutumin ya yi dariya, da alama bai gamsu ba, amma ya gwada. Kafin damina ta faɗi tasa katangar ma ta yi ja.

Da na girma na karanta na ga dalilin. Ruwa mai yawa da taki irin yuriya suna tura shukar ga yin ganye da miƙa reshe. Sai ta ji ƙishi kaɗan, ga rana na dukanta, sannan take juyawa ga fure. Tana son rana ta aƙalla awa shida a yini, don haka wanda ya dasa ta a inuwar dogon yaro ganye kawai zai gani. Abin da Sakkwato ke da shi a wadace ke nan, rana da dogon rani. Ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba. Watan Agusta ma shi ne mai haɗari gare ta, domin idan ruwa ya kwanta a gindinta saiwar ruɓewa take yi. Kawu kan tara ƙasa ya yi ɗan tudu kafin ya dasa, ya gauraya yashi da kashin awakin da ya kwana biyu ya huce.

Ban taɓa ganin ya sayi dashe ba. Da ruwa ya sauka sai ya zaɓi reshen da ya fara ƙwari, mai kaurin fensir, ya yanka shi gunduwa-gunduwa tsawon ɗani guda, ya zage ganyen ƙasa ya bar biyu a sama. Ya cusa kowanne a gwangwanin madara da ya huda gindinsa, ya jera su a inuwa, yana yayyafa musu ruwa kaɗan. Bayan wata ɗaya zuwa biyu wasu su yi toho, wasu su bushe, don haka kullum yakan yanka fiye da abin da yake bukata. Wajen dasawa ne ba ya wasa. Saiwar fulawar nan siririya ce, ba ta son a taɓa ta. Idan ƙasar da ke riƙe da ita ta wargaje, dashen ya tafi. Sai ya tsaga gwangwanin a hankali ya sauke dunƙulen ƙasar cikin rami yadda yake. Ya zagaye gindin da toka saboda gara, ya kakkafa ƙayar bagaruwa saboda awaki. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ba ta raga wa sabon toho, ƙayar fulawar kuwa ba ta yi ƙwarin da za ta kare kanta ba sai ta girma. A watannin farko yana ba ta ruwa a kai a kai har ta kama ƙasa. Horon ƙishin na babba ne, wanda ya yi wa sabon dashe haka zai kashe shi.

Datsa kuma sai fure ya kaɗe, domin a kan sabon reshe take fure. Yakan share ƙasan shukar ya ɗaga rassan kan katanga, yadda ana iya hango gindinta. Masu cewa fulawa na tara macizai da sauro suna da gaskiya idan an bar ta ta zama duhuwa. Aibinta biyu ne da ba su da magani, ƙaya da shara. Ƙayar tana da dafin ciwo, busasshen furen kuma iska ke kwasarsa har cikin ɗaki, matan gida na mita.

Abin da na fi ɗauka daga Kawu shi ne yadda yake ba kowace shuka mazauni gwargwadon ƙishinta. Lalle da ayaba a bakin magudanar wanka da wurin alwala, inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi. Fulawa mai ƙaya can jikin katanga, nesa da famfo. Wannan ba daga Bature ya koya ba, tsarin gidajen cikin gari ne, inda tsohuwa kan dasa lalle a bayan makewayi, ta samu na ƙunshi, ta samu ƙamshin furensa da dare. Akwai ma wata shukar ado tamu ta Sahel, ƙarya, mai kumburarren gindi, wadda ke fitar da fure ruwan hoda da rani lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya. Yau manoman fulawa a Tailan sun inganta irinta suna sayarwa duniya da tsada, mu kuwa muna wuce ta a bakin hanya. Sai dai a yi hattara da ita inda akwai yara, ruwan jikinta guba ne, da shi mafarauta kan haɗa dafin kibiya.

Yanzu ka shiga sababbin gidaje a Arkilla, Bado ko Gawon Nama. Da yawa an shafe tsakar gidan da siminti ko intalok daga ƙofa har bango, zafin da ya sha da rana ya riƙa amayar da shi har tsakar dare. Wanda ya so kore kuma sai ya shimfiɗa ciyawar da ke neman ruwan burtsatse sau biyu a yini, ko ya sayo dashen da aka ɗauko daga Jos ko kudu, ya yi kyau a Disamba, ya ƙone a Afrilu, mai gida ya ce hannunsa ba ya karɓar shuka. Hannun lafiyarsa lau, zaɓin ne bai dace da garin ba. A garin da yawancin unguwanni ke sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan garuwa, garin da ya shiga fargaba a 2018 lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya ja baya ƙwarai, shayar da ciyawar ado almubazzaranci ne a ganina. Bokiti ɗaya na ruwan alwala da aka tara ya ishi babbar fulawa mai ƙaya kwanaki.

Mai karatu, idan kana da katangar da rana ke duka, bar mata ɗan fili ba siminti. Da ruwan Yuni ya sauka ka je gidan maƙwabcin da tasa ta girma ka roƙi reshe, ba wanda zai hana ka, shi ma datsewa yake yi ya zubar. Shugabannin makarantu da kwamitocin masallatai su ma ga aiki mai araha, a ba ɗalibai kowa ya reni gwangwani ɗaya. A dai tanadi ƙayar shinge tun kafin a dasa, saboda awaki.